Minti goma a bakin teku ba tare da an bar wurin aiki ba: shin tabarau na VR na rage damuwar aiki?

A shekarar 2020, lokacin da cutar korona ta cika asibitocin Turai, wani babban asibitin koyarwa da ke birnin Groningen na ƙasar Holan ya yi wa ma'aikatan jinya na sashen kulawa ta musamman wani tanadi da ba a saba gani ba. An ajiye musu wani irin tabarau mai kauri wanda yake rufe idanu ruf, aka ce duk wanda ya samu sarari ya zauna ya saka na minti goma. Da zarar mutum ya saka, sai ya ga kansa a bakin teku ko a tsakiyar itatuwa, ya waiga dama ya ga ruwa, ya ɗaga kai ya ga sararin sama, kunnensa na jin motsin igiyar ruwa. Waɗanda suka gwada sun ce damuwar da suke ji ta ragu da kusan kashi 40 cikin 100 bayan sun cire shi.

Wannan fasaha ita ake kira VR, wato na'urar da ke sa ido da kunne su ji kamar mutum yana wani wuri alhali yana zaune a kan kujerarsa. An fi saninta da wasannin yara da matasa, amma yanzu asibitoci da ofisoshi a ƙasashe da dama suna gwada ta domin rage wa ma'aikata matsin aiki. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma na san iyaye mata da yawa da ke karanta wannan shafi suna fita aiki: malaman makaranta, ma'aikatan banki, ungozomomi, masu shago, masu ɗinki. Don haka na ga ya dace mu duba maganar da kyau. Me ke aiki a cikinta, me ba ya aiki, kuma wane rabo ne ke ciki ga macen da ba ta da kuɗin sayen irin wannan tabarau?

Abin da matsin aiki ke yi wa jiki

Idan mutum ya shiga halin tsoro ko matsi, jikinsa yana sakin sinadaran da ake kira adirenalin da kotisol. Zuciya ta ƙara bugu, jini ya hau, numfashi ya gajarta, naman wuya da na kafaɗa su ɗaure. Allah ya yi mana wannan tsari ne domin mu tsere wa haɗari, kuma idan haɗarin ya wuce jiki yakan koma daidai. Matsalar aikin zamani ita ce haɗarin ba ya wucewa. Layin marasa lafiya bai ƙare ba, shugaba na jiran rahoto, ɗalibai saba'in na aji ɗaya, waya na ta ƙara.

Ga uwa kuma, tashi daga aiki ba shi ne hutu ba. Tana isa gida wani aikin ke jiranta: tukunya, wanki, aikin gida na makarantar yara, jinyar mai zazzaɓi, hidimar maigida da ta baƙi. Jikin da bai sauka daga matsin safe ba haka zai shiga na dare. Da tafiya ta yi nisa sai a fara ganin ciwon kai, rashin barci, saurin fushi, mantuwa, da yi wa yara tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Hausawa sun ce jiki magayi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki lamarin da muhimmanci. A shekarar 2019 ta bayyana ƙonewar aiki a matsayin yanayin da ke samun mutum sakamakon daɗaɗɗen matsin wurin aiki da ba a shawo kansa ba, ta kuma ba shi alamu uku: ƙarewar ƙarfi, jin aikin ya fita daga rai, da raguwar ƙwazo. A 2022 kuma ita da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka ƙiyasta cewa ana asarar ranakun aiki biliyan 12 a kowace shekara saboda ciwon damuwa da fargaba.

Daga tagar asibiti aka fara

Tun kafin a san tabarau na VR, wani mai bincike mai suna Roger Ulrich ya lura da wani abu a wani asibiti da ke jihar Pennsylvania ta Amurka. Ya duba takardun marasa lafiya 46 da aka yi wa tiyatar cire maɗaciya tsakanin 1972 da 1981. Rabinsu an kwantar da su a ɗakunan da tagarsu ke kallon itatuwa, rabi kuma tagarsu na kallon bangon bulo. Masu kallon itatuwa sun yi kimanin kwana 7.96 kafin a sallame su, masu kallon bango kuma kwana 8.70. Masu kallon itatuwa sun fi ƙarancin buƙatar allurar kashe zafi mai ƙarfi, kuma a rubutun da ma'aikatan jinya ke yi a kan kowane majinyaci, ba a cika samun ƙorafi a kansu ba. An buga wannan bincike a 1984, kuma har yau masu zanen gine-ginen asibiti na kafa hujja da shi.

A 1991 Ulrich da abokan aikinsa suka sake wani gwaji da mutum 120. Aka nuna musu fim mai tayar da hankali, sannan aka raba su: wasu suka kalli bidiyon itatuwa da ruwa, wasu suka kalli na tituna da motoci. Da aka auna bugun zuciya da ɗaurewar naman jiki, masu kallon itatuwa da ruwa sun fi saurin komawa daidai. Abin lura a nan shi ne bidiyo kawai suka kalla, ba daji aka kai su ba.

Me ya sa haka? Wasu malamai biyu na Jami'ar Michigan, Rachel Kaplan da mijinta Stephen Kaplan, sun yi bayani mai sauƙin fahimta. Aiki irin na lissafi, rubuta magani, ko kula da aji yana buƙatar mutum ya tilasta wa hankalinsa tsayawa wuri ɗaya, kuma wannan ƙarfin tilastawa yana ƙarewa kamar cajin waya. Amma kallon ganye na kaɗawa, ko ruwa na gudu, ko gajimare na tafiya, yana jan hankali a hankali ba tare da tilas ba, sai wancan ɓangaren da ya gaji ya samu damar hutawa. A Japan ma tun 1982 hukumar kula da gandun dajin ƙasar ta fara kwaɗaita wa jama'a abin da suke kira wankan daji, wato shiga cikin itatuwa a yi tafiya a natse domin lafiya.

Inda tabarau ya shigo

Ba kowane ma'aikaci ke da taga ba, balle daji. Ɗakin tiyata ba shi da taga, haka ɗakunan ajiye magani da ofisoshi da yawa, kuma mai aikin dare ko da taga duhu za ta gani. A nan ne aka yi tunanin kawo wa mutum dajin inda yake.

Abin da ya bambanta tabarau da kallon talabijin shi ne yana rufe duk abin da ke gefe. A cikinsa akwai ƙananan allunan hoto biyu, ɗaya ga kowane ido, da wata na'ura mai gane motsin kai. Idan kika juya, hoton ya juya tare da ke, sai ƙwaƙwalwa ta fara ɗaukar wurin kamar gaske. Ba ki ganin tulin takardu a kan tebur, ba ki ganin mai leƙowa ta ƙofa.

Likitoci sun daɗe da sanin ƙarfin wannan ɗauke hankali. Tun ƙarshen shekarun 1990, Hunter Hoffman da David Patterson na Jami'ar Washington da ke birnin Seattle suka fara saka wa masu ƙunar wuta tabarau lokacin wankin ciwo, wanda duk ma'aikacin jinya ya san yana cikin ayyuka mafi zafi ga majinyaci. Sun ƙirƙiro wata duniyar ƙanƙara mai suna SnowWorld, kuma majinyata sun riƙa cewa zafin ya ragu sosai idan suna cikinta. A 2021 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wani tsarin VR domin masu daɗaɗɗen ciwon baya. A 2023 har tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa aka aika da tabarau, inda ɗan sama jannatin ƙasar Denmark, Andreas Mogensen, ya riƙa kallon bidiyon itatuwa da ruwa a ciki.

Ta ɓangaren ma'aikata kuwa, ban da gwajin Holan, akwai na asibitin Mount Sinai da ke birnin New York. A 2020 suka mayar da wasu ɗakuna wurin shaƙatawa ga ma'aikatan da ke fama da masu korona. Ba su yi amfani da tabarau ba. Sun haska hoton daji da ruwa a bango, suka rage haske, suka sa sauti da ƙamshi mai daɗi. Ma'aikatan da suka zauna na minti 15 sun ce damuwarsu ta ragu da kusan kashi 60 cikin 100.

Abin da masu talla ba sa faɗa

Waɗannan alkaluma suna da daɗin ji, amma akwai abubuwa uku da ya kamata mu sani.

Na farko, a gwajin Holan da na New York, ma'aikatan ne da kansu suka faɗi yadda suke ji kafin da kuma bayan zaman, kuma ba a kwatanta su da wasu da suka zauna shiru kawai na wannan lokaci ba. Duk wadda ta yi awa shida a tsaye, idan ta samu kujera da shiru na minti goma, dole ta ji sauƙi. Don haka wani kaso na amfanin daga zaman kansa ya fito.

Na biyu, hoton daji bai kai daji ba. A 2020 Matthew Browning da abokan aikinsa suka tattara binciken da ya kwatanta biyun, suka ga cewa fita cikin tsirrai na gaske ya fi ɗaga farin cikin mutum fiye da kallonsu a na'ura. Na'urar tana taimakawa wajen rage ɓacin rai, amma ba ta da iska mai taɓa fata, ba ta da ƙamshin ƙasa bayan ruwan sama, ba ta sa ƙafa tafiya. Matsayinta shi ne na karin maganar nan, da babu gara ba daɗi.

Na uku shi ne wanda ya fi tsaya mini a rai. A asibitin nan na Holan, ma'aikatan jinya 326 aka yi wa tanadin, amma 86 ne kacal suka taɓa saka tabarau ɗin ko da sau ɗaya, wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Da aka tambayi dalili, babban abin da ya hana su shi ne yawan aiki. Na'ura tana nan kyauta, amma minti goman ne babu. Wannan ya nuna mana inda gizo ke saƙar. Idan ma'aikata sun yi kaɗan, albashi ba ya zuwa a kan kari, kuma ana kallon mai hutawa a matsayin malalaciya, babu tabarau da zai gyara wannan. Shugaban da ya sayi na'ura amma bai ware lokacin hutu ba ya sayi abin ado ne kawai.

Wadda za ta gwada, ta kiyaye waɗannan

Tabarau na VR yana sa wasu jiri, tashin zuciya ko ciwon kai. Dalili shi ne ido na cewa ana tafiya, amma ɓangaren cikin kunne mai kula da daidaiton jiki na cewa a zaune ake, sai ƙwaƙwalwa ta rikice, kamar yadda wasu ke ji idan suna karatu a mota. Don haka a zaɓi bidiyon da kyamara ke tsaye wuri ɗaya, a zauna a kujera, a fara da minti biyar. Da an ji jiri a cire, kada a daure.

Mai farfaɗiya, mai ciwon ɓarin kai, mai yawan jiri, da mai juna biyu su nemi shawarar likita tukuna. Idan mutane da yawa ke amfani da tabarau ɗaya, a goge inda ke taɓa fuska kafin da bayan kowane mutum, musamman lokacin da ciwon ido na apolo ke yawo. Bayan an cire, a ɗan dakata kafin a hau mota ko a koma kan aikin da ke buƙatar nutsuwar hannu.

Batun yara kuma, kamfanin Meta mai yin tabarau na Quest ya daɗe yana cewa sai ɗan shekara 13, daga baya a 2023 ya sauko da shi zuwa 10 bisa kulawar iyaye. Ƙananan yara ba nasu ba ne, ko da sun yi kuka.

Sai maganar kuɗi. Quest 3S, wanda ake ɗauka mai sauƙi ne, ya fito a 2024 a kan dala 299, kuɗin da ya ninka mafi ƙarancin albashin Najeriya na naira 70,000 sau da yawa. Akwai mai araha, wato ɗan akwatin roba ko na kwali da ake zura waya a ciki, irin wanda Google ya fara fitarwa a 2014. Sai dai yana buƙatar waya mai na'urar gane juyi, kuma ƙananan wayoyi da yawa ba su da ita. Kafin ki saya, buɗe bidiyo mai zagaye 360 a YouTube ki juya wayar. Idan hoton bai bi motsin hannunki ba, akwatin ba zai yi miki amfani ba.

Abin da za ki iya yi da wayar da ke hannunki

Albishir ɗin shi ne yawancin abin da bincike ya gano ba ya buƙatar tabarau.

Ki fara da na gaske idan akwai shi. Darbejiya ko mangwaron da ke harabar makaranta ko asibiti ya fi kowane hoto. MaryCarol Hunter ta Jami'ar Michigan ta auna kotisol a yawun mutum 36 na tsawon mako takwas, ta ga ya fi sauka idan mutum ya yi minti 20 zuwa 30 a wurin da yake jin yana cikin tsirrai, a zaune ko yana tafiya, ba tare da latsa waya ba. Wani bincike na 2019 a Ingila da ya shafi mutum kusan 20,000 ya ga cewa waɗanda ke samun minti 120 a mako a irin waɗannan wurare sun fi cewa suna cikin ƙoshin lafiya, kuma ba dole a yi shi a zama ɗaya ba. Minti 120 a mako bai kai minti 20 a rana ba.

Idan babu lokaci sosai, ko leƙe ma yana da amfani. A Jami'ar Melbourne ta Ostareliya, Kate Lee ta ba ɗalibai 150 wani aiki mai gundura a kwamfuta, ta tsayar da su na daƙiƙa 40. Wasu suka kalli hoton rufin gini mai ciyawa da furanni, wasu na rufin siminti zalla. Masu kallon ciyawa sun fi ƙarancin kuskure da suka koma aikin. Don haka idan akwai taga mai kallon itace, ki juya kujerarki wajenta.

Idan babu itace babu taga, ko kuma zafin bazara da ƙurar hunturu sun hana fita, sai a koma ga waya. Ki sauke bidiyo ɗaya ko biyu na ruwa mai gudu ko daji, masu tsawon minti goma, lokacin da data ke araha, domin kada ki riƙa ƙona data kullum kuma kada talla ta katse ki. Ba sai na ƙasar waje ba: ruwan Gurara da ke jihar Neja, ko ƙoramar Wikki ta Yankari, ko gonar ƙauyenku da damina wadda kika ɗauka da kanki. Ki sa iyafis, domin sauti na da nasa rabon. Wani nazari na 2021 da Rachel Buxton ta jagoranta ya nuna cewa sautin ruwa da kukan tsuntsaye na rage damuwa da gundura.

Sannan ki rufe data kafin ki fara. Wannan shi ne sharaɗi mafi wuya, domin wayar da za ta nuna miki ƙorama ita ce ke ɗauke da saƙonnin WhatsApp na wurin aiki da na dangi. Minti goma na zagaya Facebook ko TikTok ba hutu ba ne, ƙarin lodi ne ga ƙwaƙwalwar da ta riga ta gaji. Ki zauna, ki saki kafaɗa, ki ja numfashi ta hanci a hankali, ki fitar da shi a hankali fiye da yadda kika ja.

Ki liƙa wannan hutu da abin da kika saba yi kullum don kada ya ɓace. Da yawa daga cikinmu muna tashi sallar azahar, to ki ƙara minti biyar ko goma bayanta kafin ki koma. Wani lokacin mai kyau shi ne bayan tashi daga aiki, kafin ki shiga hidimar gida. Uwar da ta sauke kayan ofis a bakin ƙofa ta fi iya sauraron labarin da yaro ya dawo da shi daga makaranta.

Ki kuma nemi abokan aiki ku yi karɓa-karɓa: ki riƙe mata aji ko teburi na minti goma, ita ma ta riƙe miki. Idan ke ce shugabar sashe, abin da ya fi kowace na'ura daraja shi ne ki rubuta lokacin hutu a jadawalin aiki, ki ware wani lungu mai kujera da tukunyar shuka biyu ko uku, sannan ke ma a gan ki kina zama a wurin. Ƙananan ma'aikata ba za su huta ba matuƙar suna tsoron idon babba.

Lokacin da kallon daji bai isa ba

Duk wannan na gajiya da matsin yau da kullum ne. Idan kin yi mako biyu ko fiye kina cikin baƙin ciki kusan kowace rana, abin da kike so a da ya fita daga ranki, barci ko cin abinci ya lalace, ko kina jin rayuwa ba ta da amfani, wannan ya wuce bidiyo. Haka idan abin ya fara bayan haihuwa. Ciwo ne kamar hawan jini, kuma yana da magani. Ki fara da asibitin da ke kusa da ke, su za su tura ki gaba idan da buƙata. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, akwai kuma na Dawanau a Kano. Idan tunanin cutar da kanki ko jaririnki ya zo miki, ki faɗa wa wani na kusa a ranar, ku tafi asibiti tare. Yawan ciwon kai da bugun zuciya kuma, a auna jini tukuna kafin a ce damuwa ce kawai.

'Yar'uwa, ki gwada na mako ɗaya: minti goma a rana, a ƙarƙashin itace idan akwai, a waya idan babu, data a rufe. Kafin ki zauna ki ba damuwarki maki daga 1 zuwa 10, bayan kin tashi ki sake ba ta, ki rubuta a bayan littafi. Ranar bakwai ki duba abin da kika rubuta, sai ki san ko ya dace ki ci gaba, ki kuma nuna wa abokiyar aikin da za ku riƙa karɓar juna. Allah ya ƙara mana lafiya, ya sa albarka a cikin nemanmu.